Hoton Cikin Suruki

Zaidu na tsakiyar goge teburin ɗaukar hoto Susan ta leƙo ɗakin, tana danne dariya da bayan hannu, ta ce masa ya shirya, ga babban baƙo nan tafe. Susan nas ce, 'yar Zuru, kuma duk asibitin kuɗin nan da ke bayan kasuwar Yelwan Yauri babu wanda ya kai ta tsokana, saboda haka Zaidu ko ɗagowa bai yi ba. Ya ɗauka wani ɗan kabu-kabu ne ya sake karya ƙafa. Sai da ya ji gyaran murya a bakin ƙofa, irin wadda ya sani tun ranar da aka je nema masa aure, sannan tsumman ya suɓuce masa.

Malam Mainasara ne, mahaifin matarsa Murja, tsaye cikin babbar riga, hannu ɗaya dafe da ciki.

To, wanda bai san waɗannan mutane biyu ba sai ya ce ai abu ya yi sauƙi, tunda ɗan gida ne zai yi aikin. Ina! Tunda aka ɗaura auren nan ba su taɓa haɗa ido ba. In Zaidu ya je gaisuwa tungarsu ta masunta da ke can bakin tafki gefen Wara, tun daga bakin ruwa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida ƙasa, tsohon kuma ya amsa yana kallon tarun da yake gyara. Murja ɗiyar fari ce, iyayenta ko sunanta ba sa faɗa, balle na mijinta. Shi ma Zaidu sunan Mainasara bai taɓa fita bakinsa ba. Yana da abokin makaranta mai wannan suna, amma tun bayan biki ya koma kiransa mai sunan Baba. Kuma Zaidu na alfahari da wannan. Ya san a tungar nan ana misali da kunyarsa, ana cewa ɗan boko ne amma boko bai cinye shi ba.

Kafin ya ankara har ya cire takalmi a cikin ɗakin aikinsa, ya zube ƙasa gefen injin. Ya gaida tsohon, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiyar hanya. Tsohon ya amsa duka yana kallon fankar sama, ya ce lafiya lau, alhali zufa na tsattsafo masa a goshi. Surukarsa Inna Binta kuwa, tana hango mijin ɗiyarta ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya da sauri ta koma gindin dogonyaron da ke tsakar asibiti.

Susan ce ta ja Zaidu gefe ta ba shi labari, don Inna Binta ta riga ta zazzage wa likita komai, duk da an gargaɗe ta tun a cikin jirgi. Jiya da hantsi Malam Mainasara na zaune yana ɗaura ƙugiyoyi a mamari, doguwar igiyar nan da masunta ke shimfiɗawa a ruwa, ya riƙe ƙugiya ɗaya a leɓe kamar yadda ya saba. Atishawa ta taso masa, ya ja numfashi, ƙugiya ta bi hanya. Mutumin da duk samarin tunga suka sha faɗa a wurinsa a kan sa ƙugiya a baki! Bai gaya wa kowa ba. Ya sa aka yi masa miyar kuɓewa mai yauƙi, ya dinga haɗiyar manyan lomomin tuwo babu tauna, wai ya tura ta gaba. Da asuba ciki ya fara suka, Inna Binta ta tsare shi da tambaya har ya faɗa, ta ce yau ko a ɗaure sai ya shiga jirgin Yauri. Shi a zatonsa ƙwaya za a ba shi ya haɗiya ya koma.

Abin da likita take so a fili yake. Tana so ta san inda ƙugiyar take. In tana tumbi, a tura shi Birnin Kebbi a zaro ta da na'ura. In ta wuce cikin hanji, a kwantar da shi a sa ido. In kuwa ta huda wani wuri, to babu jira, sai wuƙa. Hoto ne kaɗai zai faɗa, kuma abokin aikin Zaidu ya tafi Shanga ta'aziyya tun safe. Zaidu ya roƙi Susan ta taimaka ta gyara wa tsohon kwanciya, shi ya danna daga nesa. Ta ce ba aikinta ba ne, kuma in yana ganin dattijon can zai bari mace ta kama masa ƙugu, to ya je ya tambaye shi da kansa.

Hoton ciki ba wuya gare shi ba, Zaidu ya yi shi har ba ya tunani. Majinyaci ya cire kaya ya sa rigar asibiti, ya kwanta rigingine a tsakiyar tebur. Ka sa yatsu ka lalubo saman ƙashin ƙugu, dama da hagu, don a nan tsakiyar hoton take. In ka dace da wurin, farantin hoton zai kwaso komai, tun daga ƙasan haƙarƙari inda hanta da tumbi suke har zuwa mara. In ka kuskure, ka yanke rabin ciki. Sannan ka ce wa mutum ya saki numfashi ya riƙe. Shi ke nan. Sai dai duk wannan yana nufin ka ce wa uban matarka ya tuɓe, ka sa hannu a ƙugunsa, ka kuma ba shi umarni.

Ya koma ya durƙusa, ya fuskanci bango, ya tambaya ko za a ɗan taimaka a hau tebur. Aka hau, da babbar riga da 'yar ciki da hula. Ya tambaya ko za a ɗan kishingiɗa. Aka kishingiɗa, a karkace, ƙafa ɗaya a kan ɗaya kamar mai hutawa a rumfa. Zaidu ya tsaya nesa yana kallon tulin yadin nan, yana lissafin inda ƙugu zai kasance a ƙarƙashinsa. Ya miƙa hannu, hannun ya dawo da kansa. Ya ɗauki biro ya nuna wurin daga sama, ya ga ko biron rashin kunya ne, ya mayar aljihu. A ƙarshe ya ja injin ya tsayar da hasken inda ya ga ya fi mutunci, wato can sama kusa da ƙirji. Ya shige bayan gilashi ya ce, da muryar da ko shi bai ji ta sosai ba, in babu takura ko za a ɗan riƙe numfashi. Tsohon ya ɗago kai ya ce, "Na'am?" A daidai nan Zaidu ya danna.

Hoton ya fito a kwamfuta, Susan ta leƙa ta kafaɗarsa, ta fita da gudu don kada dariyarta ta fashe a gaban dattijo. Ga makullin injin jirgi nan raɗau, ga wuƙar aljihu, ga tsabar ƙarfe ta maɓallai, ga waya. Haƙarƙari sun yi dishi-dishi saboda motsi. Hanji kuwa ko rabinsa bai shiga ba. Duk ƙarfen da ke rigunan Malam Mainasara ya fito, ban da wanda ake nema.

Likita ta zo da kanta. Mace ce mai ƙarancin magana, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambayi Zaidu ko aljihu aka ce ya duba. Ta ce hasken nan ba na hoton biki ba ne da za a yi ta watsa wa tsoho, saboda haka wannan karon tana son na kwance da na tsaye, kuma masu kyau. Ta ce ta san surukinsa ne, ita ma tana da surukai, amma ƙugiya ba ta san wannan ba. Ta fita ta bar shi da kunnuwa suna zafi.

Ko da ya waiwaya, tsohon har ya sauko daga tebur, ya gyara hula, yana neman takalminsa. Ya gaya wa fanka cewa tunda an ɗauka an gama, shi zai wuce, jirgin Wara ba ya jiran kowa, kuma ya bar mamari a ruwa. Ya taka zuwa ƙofa. Nan Zaidu ya ga abin da ba a so ya gani. Tsohon ya tsaya cak, ya kama ƙyauren, ya runtse ido, leɓensa na rawa, ya ɗan duƙa kamar wanda aka soka. Bai yi ko nishi ba. Da abin ya lafa ya miƙe ya gyara riga, ya fita ya zauna a bencin baranda, wai yana jiran Inna Binta ta taso.

Tsoro ya kama Zaidu, tsoro na gaske, wanda ya kori wancan tsoron suruki na farko. Ya hango jirgin nan a tsakiyar tafki, nesa da kowane asibiti, da tsohon a kwance cikin buhunan kaya. Ya hango kansa a gida yana yi wa Murja bayani cewa mahaifinta ya zo har teburinsa, ya kwanta a gabansa, shi kuma ya bar shi ya tafi saboda yana jin nauyinsa. Ya san irin kallon da za ta yi masa. Amma ya kuma san in ya yi abin da ya kamata, kafin magariba labari ya isa tunga, a ce mijin ɗiyar Mainasara ya tuɓe surukinsa. Sunan da ya daɗe yana tattali ya tafi ke nan. Abin ya yi masa ciwo, ba ƙarya, har ya ji ƙwalla.

Ya shiga ɗan ɗakin da suke ajiye kaya. Ya sa takalminsa ya ɗaure. Ya ɗauko farar rigar aiki wadda zafi ke hana shi sawa, ya ɓalle maɓallanta har wuya. Ya ɗaura takunkumi ya rufe hanci da baki, ya zura safar hannu. Ya fito bakin ƙofa ya tsaya a miƙe, ya nemo muryar da yake yi wa 'yan kabu-kabu masu gardama.

"Mainasara," ya ce. "Shigo."

Barandar ta yi tsit. Susan da ke wucewa da tire ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Tsohon ya ɗago a hankali ya dubi Zaidu tsakiyar ido, abin da bai taɓa yi ba. Zaidu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma bai sauke kai ba, don ya san in ya sauke shi ke nan. Can sai Malam Mainasara ya sa hannu ya cire hularsa, ya tashi ya shigo.

Zaidu ya rufe ƙofa, ya miƙa masa rigar asibiti, ya ce a cire komai. Babbar riga ta sauka, 'yar ciki ta bi ta, makulli da wuƙa da waya suka koma kan kujera. Sai ga guru a ƙugu, tsohuwar ɗamarar fata da ta yi baƙi saboda ruwa da shekaru, da zobban ƙarfe a jikinta. Tsohon ya dafe shi ya ce wanga tun kafin ya yi aure yake jikinsa, da shi yake nutso, ko dorina ta san shi. Zaidu ya ce nan babu dorina, a cire. Aka cire, ana gunaguni.

Ya kwantar da shi rigingine, ya kama duga-dugansa ya ja su suka miƙe, ya tura filo a ƙarƙashin gwiwoyi don baya ya kwanta sosai. Ya tsaya ta wajen kai ya duba ko hanci da cibiya suna kan layi ɗaya da tsakiyar tebur, ya ga an karkace, ya kama kafaɗa ya gyara. Ya ce a sassauta mazugin wando, a ɗauke hannuwa daga ciki. Sannan ya yi bismillah a zuciyarsa ya nutsa yatsu a ƙugun surukinsa.

Tsohon ya zabura kamar tarwaɗa a tudu, wata 'yar ƙara ta kuɓuce masa. Zaidu ya tsorata, ya tambaya ko nan ne ciwon. Aka girgiza kai. Ya sake dannawa, tsohon ya sake ɗan tsalle, ya cije leɓe, kafaɗunsa na girgiza. Ashe Malam Mainasara, wanda ke nutsewa ƙarƙashin tafki ya kwanto taru daga kututturen itatuwan da ruwa ya cinye, wanda in ya yi tsawa a bakin ruwa yara ke watsewa, ba ya jure cakulkuli. Allah ya taimaki Zaidu da takunkumin nan, don bakinsa ya riga ya washe a ƙarƙashinsa. Ya daure ya ce a natsu, ba wasa aka zo yi ba. Ya lalubo saman ƙashin dama da na hagu, ya tabbatar ƙugun bai juya gefe ba, ya sauko da hasken ya tsayar da tsakiyarsa daidai wurin.

Daga bayan gilashi ya ɗaga murya yadda za a ji shi har baranda. "Ja numfashi. Sake shi duka. Riƙe nan, kada ka motsa."

Ya danna. Hoton ya fara bayyana, Zaidu ya matso da fuskarsa. Ga ƙashin baya a miƙe a tsakiya, ga haƙarƙarin ƙasa, ga inuwar hanta a dama, ga iska a tumbi, ga faffaɗan ƙashin ƙugu dama da hagu daidai wa daida. Ya bi hanji da ido, lungu-lungu. Can ƙasa da cibiya, ta wajen dama, sai ga ta, fara fat, 'yar ƙarama, a lanƙwashe, har da ɗan kunnenta na ɗaura zare. Ya yi ta kallonta, yana auna nisanta, yana hamdala. Ya daɗe a haka kafin ya tuna bai ji motsi a bayansa ba. Ya waiga. Tsohon na nan yadda aka bar shi, ciki a lotse, jijiyoyin wuya sun tashi, idanu sun firfito suna kallon silin. An ce ya riƙe, ba a ce ya saki ba, kuma mai nutso ba zai bari a ce ɗan asibiti ya ga gazawarsa ba. Zaidu ya ce a yi numfashi, da sauri, tsohon ya ja iska da ƙarar da ta sa Susan ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Na tsaye bai ba da wahala ba. Ya jingina shi da allon bango, ya ɗan ɗaga farantin sama don ƙasan ƙirji ya shiga, tunda a nan iska ke taruwa in hanji ya huje. Wannan karon bai manta ya ce a saki ba.

Likita ta duba hotunan biyu, ta gyaɗa kai. Ta ce ƙugiya ta bar tumbi, ta yi nisa a hanji, kuma babu alamar ta huda ko'ina. Amma batun jirgin Wara a manta da shi. Za a ba shi gado, a sa masa ido, kowace safiya a sake hoto a ga ko tana tafiya. In ta tsaya wuri ɗaya ko ciwo ya ƙaru, mota na nan, sai Birnin Kebbi. Malam Mainasara ya buɗe baki zai kawo zancen mamari, ya dubi mai farar riga da ke tsaye a gefe, ya rufe.

Bayan an wuce da shi ɗakin maza, Zaidu ya koma ya zauna shi kaɗai. Ya cire safar, ya kwance takunkumi, ya rataye rigar. Ya kira Murja ya gaya mata ta taho da abinci mai ruwa-ruwa, bai ba ta sauran labarin ba. Ya so ya ɓuya a ɗakin nan har dare, amma suruki na kwance a asibitinka ba ka je gaisuwa ba, wannan ma wani abin faɗa ne. Ya tashi ya nufi ɗakin maza.

A ƙofar ɗakin ya tuɓe takalmi. Ya shiga a sunkuye, ya durƙusa nesa da gadon, ya kafa ido a siminti. Inna Binta na zaune a kan tabarma, ta ja mayafi ta juya masa gefe. Ya yi sannu da jiki, yana jiran abin da zai biyo baya. Tsohon ya amsa yana kallon taga, ya tambaye shi aiki, ya tambayi mutanen gida, kamar yau ba su haɗu ba.

Inna Binta ba ta iya haƙuri da tambaya a ciki. Ta matsa kusa da gadon, ta yi ƙasa da murya, irin ƙasan da duk ɗakin ke ji, ta tambayi mijinta ko da gaske yaron nan ne ya ɗauki hoton, don ta ji nas-nas na ta ƙus-ƙus.

"Na farkon shi ya ɗauka," in ji Malam Mainasara, har yanzu yana kallon taga. "Yaron kirki, ga ladabi, amma hoton bai yi ba. Sai suka kiro wani."

"Wa ke nan?"

"Mi na sani? Fuska a rufe. Wani marar kunya, ko gaisuwa babu. Sunana ya kira gatsau, ya raba ni da guruna, ya dinga juya ni kamar kifi a kan wuta." Ya gyara kwanciya a hankali. "Amma ya ga abin. Tunda an ce gobe za a sake, a gaya musu wancan nake so. Kada su turo mini wani."

Zaidu bai ɗago ba. Dariya da kuka suka taso masa suna rige-rigen fita, ya haɗiye su duka.

"To, Baba," ya ce. "Za a gaya masa."